Babban harshe da faɗuwar sukari: yadda ake sa wa yaro mai Beckwith-Wiedemann barcin tiyata

Jariri ne aka haifa da nauyin kilo huɗu da rabi, 'yan barka na ta cewa masha Allah, ƙato. Sai dai bakinsa ba ya rufuwa don harshen ya cika shi ya leƙo waje, yana munshari ko idonsa biyu, kama nono yana yi masa wuya. Cibiyarsa ta kumburo, wani lokacin ma hanji ne ya fito cikin wata siririyar jaka ta gindin cibiyar. Akwai ɗan jan tabo a goshi ko a fatar ido, da 'yan layuka a leɓatun kunne kamar an matsa da farce. Idan waɗannan suka haɗu a jikin yaro guda, abin da likitan yara zai fara kawowa a ransa shi ne lalurar Beckwith-Wiedemann. Sunan na likitoci biyu ne, Bruce Beckwith ɗan Amurka da Hans-Rudolf Wiedemann ɗan Jamus, waɗanda suka bayyana ta a 1963 da 1964, kowa daban.

Tushenta yana wani ɗan yanki na kuromozom na 11, inda ƙwayoyin halittar da ke ingiza girman ɗan tayi da masu taka masa birki suke zaune gefe da gefe. Idan ma'aunin da ke tsakaninsu ya karkace, sai wasu sassan jiki su zarce ƙima: harshe, hanta, ƙoda, gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, ko ɓari guda na jiki ya fi ɗan'uwansa. Ana samunta a wajen haihuwa ɗaya cikin 10,000 zuwa 14,000, kuma kusan kashi 85 cikin ɗari ba gadonta aka yi ba. Ba maye ba ne, ba iska ba ce, ba kuma wani abu uwar ta ci ba. Mafi yawan yaran nan basirarsu lafiya lau, girman nasu kuma yakan lafa wajen shekara bakwai zuwa takwas.

Amma kafin su kai can, ɗakin tiyata yakan gan su fiye da sau ɗaya. Akwai mayar da hanji da rufe ciki a kwanakin farko, akwai rage harshe, akwai gyaran gwaiwa ko saukar da ɗan maraina da bai sauko ba, akwai kuma cire ƙari, domin tsakanin biyar zuwa goma cikin ɗari na waɗannan yara suna kamuwa da ciwon daji na ƙuruciya, galibi na ƙoda da ake kira Wilms ko na hanta. Shi ya sa ake yi musu hoton ciki duk wata uku har su kai wajen shekara bakwai. Kowane ɗaya daga cikin ayyukan tiyatar nan sai an sa yaro barci na gaba ɗaya, kuma likitan sa barci yana fuskantar abokan gaba biyu. Ɗaya kowa na ganinsa, shi ne harshen. Ɗayan ba a ganinsa sai an ɗiga jini a na'ura, kuma shi ne ya fi saurin yin ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Mu fara da wanda ba a gani. Kusan kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin jariran nan sukarin jininsu yana faɗuwa a kwanakin farko, saboda jikinsu na fitar da insulin fiye da buƙata. A yawancinsu abin yakan daidaita cikin 'yan kwanaki, a kaɗan daga ciki kuma yakan ɗauki watanni har a ɗora su a kan maganin dayazoksayid. Insulin mai yawa ba sukari kaɗai yake kwashewa ba, yana kuma hana jiki narka kitse ya samar wa ƙwaƙwalwa wani makamashin. Ke nan idan sukarin ya faɗi, ƙwaƙwalwar ba ta da abin da za ta koma kai. Jaririn da yake farke zai nuna alama: rawar jiki, gumi, sanyin jiki, ƙin nono, jijjiga. Wanda aka sa wa barci babu ko ɗaya da zai nuna. Yana kwance shiru, bugun zuciyarsa na tafiya daidai a allo, ƙwaƙwalwarsa tana ƙonewa da yunwa.

A nan ne tsohuwar al'adar "kada ya ci komai daga sha biyun dare" take zama haɗari. An ƙirƙiro ta ne don manya. Ga yaro ƙa'idar ita ce awa shida bayan abinci ko madarar gwangwani, awa huɗu bayan nonon uwa, awa biyu bayan ruwa garau wanda ba shi da gauraye, wasu asibitocin ma sun rage na ruwan zuwa awa ɗaya. Yaro mai wannan lalura shi ya kamata ya zama na farko a jerin aikin safe. Idan an san sukarinsa na faɗuwa, ana sa masa ƙarin ruwa mai gulukos, wato sukarin da ake ba jiki ta jijiya, tun daga lokacin da aka cire shi daga nono, ba a jira sai an shiga da shi. In kuma aikin ya ja baya zuwa azahar don wani na gaggawa ya shigo, wajibi ne wani ya koma ɗakin kwanciya ya auna sukarin ya sake lissafin azumin.

Lissafin ba shi da wuya. Jariri mai lafiya yana buƙatar miligiram 4 zuwa 6 na gulukos ga kowane kilo a kowane minti, mai yawan insulin kuwa kan buƙaci fiye da 8, wani har ya wuce 15. A ɗauki jariri mai kilo 4 da aka sa wa ruwan gulukos mai kashi 10 yana tafiya mililita 16 a awa: kowane kilo na samun mililita 4, wato miligiram 400 a awa, in an raba da 60 ya zama kusan 6.7 a minti. Ga wani ya isa, ga wani ko kusa bai kai ba, na'urar awo ce kaɗai za ta raba gardama. Ana aunawa kafin barci, bayan an sa bututun numfashi, sannan duk rabin awa zuwa awa guda, a ci gaba har bayan ya farka ya koma cin abinci. A jarirai gaba ɗaya ana ɗaukar ƙasa da 2.6 a ma'aunin milimol a matsayin faɗuwa, amma ga mai yawan insulin ana so a riƙe shi sama da 3.5. Idan ya faɗi, maganin shi ne mililita 2 na mai kashi 10 ga kowane kilo ta jijiya, sannan a ƙara gudun ruwan nan take. Kuskure biyu suka fi yawa. Na farko a zuƙo mai kashi 50 na manya a tura kai tsaye, ya ƙona siririyar jijiyar, ya kuma tunzura wani sabon insulin, sukarin ya sake rikitowa ƙasa. Na biyu a cire ruwan gulukos ɗin don a sa jini ko wani ruwa a kanula ɗaya tilo, wato robar da ake bari a jijiya, a manta ba a mayar ba. Don haka kanula biyu ake sa wa: ɗaya ta sukari ce ba a taɓa ta, ɗayar ta sauran buƙatu. Ruwan da ake maye gurbin asara da shi kuma mai gishiri daidai da na jini ne, domin tura ruwan sukari zalla da yawa yana tsinka gishirin jini har ƙwaƙwalwa ta kumbura. In buƙata ta kai a yi amfani da abin da ya fi kashi 12.5 kauri, sai ta babbar jijiya.

Sai harshe. Muddin yaro na farke, tsokokin maƙogwaro da na harshen suna riƙe da hanyar iska a buɗe. Da zarar maganin barci ya kama, sai su saki, harshen ya zame baya ya toshe hanya. Jariri kuma yana cin oksijin ninki biyu na babba idan aka auna da nauyi, wajen mililita 6 zuwa 8 ga kowane kilo a minti, ga ma'ajiyar iskar huhunsa 'yar ƙarama, in hantarsa da ƙodarsa sun yi girma ma sai su ƙara tura huhun sama. Abin da babba zai jure na mintuna, shi cikin daƙiƙoƙi zai fara yin shuɗi. A Jos akwai ƙarin abu guda. Garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, nauyin iska ya gaza na bakin teku da wajen kashi ɗaya cikin takwas, don haka oksijin ɗin da ke shiga huhu a kowane numfashi ya ɗan ragu. Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne. Ga jaririn da hanyar iskarsa ta toshe, 'yan daƙiƙoƙin da yake da su ne suka ƙara raguwa.

Gaskiyar da ya kamata iyaye su ji ita ce mafi yawan yaran nan ana sa musu bututun numfashi ba tare da wata wahala ta musamman ba, domin muƙamuƙinsu da maƙoshinsu yawanci daidai suke, harshen ne kawai ya cika wuri. Amma babu mai iya rantsuwa tun daga waje cewa wannan yaron na cikin masu sauƙi, don haka kowanne ana shirya masa kamar shi ne mai wuyar. Tambayoyin da ake yi wa uwa su suka fi kowane gwaji amfani. Maman yaro, yaya yake kwana, rigingine ko sai kin kifa shi? Yana ɗauke numfashi cikin barci? Yana shaƙewa in yana shan nono? An taɓa sa masa barci, me aka ce miki bayan an fito? Yaron da ba ya iya barci a rigingine ya riga ya gaya wa likita abin da zai faru a kan tebur. Irinsa ba a ba shi maganin kwantar da hankali a ɗakin kwanciya, inda babu mai tsaye a kansa.

Hanyar da aka fi bi ita ce a sa shi barci a hankali da iskar da ake shaƙa, yana numfashi da kansa, zai fi kyau in kanula na hannu tun kafin a fara. Cikin irin wannan iska, sebofuloren ne ya fi dacewa. Inda halotan kaɗai ake da shi ana iya aiki da shi, sai dai yana rage bugun zuciya, yana kuma sa ta rikice idan ta haɗu da adirenalin, alhali likitan fiɗa yakan tsira wa harshe lidoken, allurar kashe wuri, mai gauraye da adirenalin don rage zubar jini. Dole su biyun su yi magana kafin allurar ta shiga, a kuma lissafa: lidoken mai adirenalin kada ya wuce miligiram 7 ga kowane kilo. Ketamin, wani maganin barci na allura, ba ya yawan tsayar da numfashi, shi ya sa ake son sa a wurarenmu, amma yana ƙara yawu, yaron nan kuwa da ma dalala yake yi. Atirofin na maikurogiram 20 ga kowane kilo yana busar da yawun, yana kuma tare faɗuwar bugun zuciya.

Idan barci ya fara nauyi hanya ta soma toshewa, ana bi mataki-mataki. A tura muƙamuƙi gaba da hannu biyu, wani ya matsa jakar iska. A karkata yaron gefe. A zura ɗan lallausan bututu ta hanci ya wuce bayan harshen, wanda sau da yawa ya fi na baki aiki, domin na baki in bai kai tsawo ba harshen yake ƙara dannawa baya, in kuma barcin bai yi nisa ba sai ya sa maƙoshi ya ɗame. Wata dabara mai sauƙi da ake yawan mantawa: mataimaki ya kama kan harshen da busasshen bandeji ya jawo shi waje, nan da nan wuri ya samu. In duk wannan bai yi ba, akwai abin da ake zurawa ya zauna a bakin maƙoshi ya zagaye harshen gaba ɗaya, ya kamata a buɗe shi a ajiye kusa tun farko. Maganin da ke sassauta tsoka ya tsayar da numfashi ba a ba da shi sai an tabbatar ana iya hura wa yaron iska da hannu. Madubin leƙa maƙoshi mai kyamara, inda akwai, da shi ya kamata a fara, ba a ajiye shi sai an gaji ba, saboda kowane yunƙuri da ya ci tura yana barin kumburi da jini da za su sa na gaba ya fi wuya. Bayan yunƙuri biyu a canja hannu ko a canja kayan aiki. In aikin ba na ceton rai ba ne, tayar da yaro a ɗage tiyata hukunci ne mai kyau, kuma likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya kasance an sanar da shi tun jiya, ba lokacin da ake neman mai huda wuya ba.

Girman jikin yaron yana yaudara wajen zaɓen bututu. Ɗan shekara biyu na iya kama da ɗan huɗu, amma ba lallai maƙogwaronsa ya bi girman jikin ba. Ana farawa da lissafin shekaru, a raba su huɗu a ƙara 3.5 ga bututu mai ɗan balan-balan a ƙarshensa da ake hurawa ya toshe gefen maƙogwaro, wato lamba 4 ga ɗan shekara biyu, a ajiye na sama da na ƙasa da shi. Mai balan-balan ya fi, don yana rage canje-canje, yana kuma tare jini daga gangarawa huhu. A aikin rage harshe ta hanci ake bi da shi, a bar wa mai fiɗa baki. Idan an cusa bandeji a maƙogwaro don tare jini, a rubuta a allo a faɗa da ƙarfi, a sake faɗa da ƙarfi lokacin da aka ciro shi. Na'urar da ke nuna iskar da yaro ke fitarwa ita ke tabbatar da bututun yana inda ya kamata, kuma ita za ta fara ihu in mai fiɗa ya ture shi.

Jaririn da hanjinsa ke waje matsalarsa ta fi ta harshe yawa. Yana zubar da zafi da ruwa ta jakar nan ba ƙaƙƙautawa, kuma wanda ya san daren hunturun Jos a Disamba da Janairu ya san abin da tafiya daga wani ƙauye ko wani gari zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo za ta yi wa irin wannan jariri. Tun daga inda aka haife shi ya kamata a rufe jakar da tsaftatacciyar leda mai haske, a naɗe shi, a sa masa hula, a auna sukari, a sa ruwa, a zura siririn bututu ta hanci zuwa ciki don fitar da iska. Kada a gasa cibiyar, kada a shafa mata komai na gida, kada kuma wanzami ya kusanci bakinsa da sunan cire belu. A ɗakin tiyata ana kashe na'urar sanyi, a ɗumama ruwan da za a sa masa, a riƙe zafin jikinsa tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Jaririn da ya yi sanyi yana ƙona sukarinsa da sauri, jininsa ba ya daskarewa da kyau, ga jinkirin farkawa.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da ake mayar da kayan ciki. Cikin bai saba ɗauke su ba, in aka matsa aka rufe, sai huhu ya takura, babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya ta danne, fitsari ya tsaya. Likitan barci shi ke fara gani: ƙarfin da ake buƙata don hura huhu ya haura, hawan jini ya sauka, na'urar oksijin da aka maƙala a ƙafa ta daina karantawa alhali ta hannu na yi. Shi ya sa ake maƙala biyu, kanula kuma a hannu ake sa ta. In an auna matsin ta mafitsara ya wuce 20 a ma'aunin hawan jini, to a dakata, a rufe a matakai. Ba kowace jaka ake gaggawar yi wa tiyata ba ma. In babba ce kuma ba ta fashe ba, ana iya shafa mata man ƙuna mai sinadarin azurfa har fata ta rufe ta, a gyara ciki daga baya yaro ya yi ƙwari. Kafin kowane aiki a duba zuciya da hoto, don wasunsu na da tawaya a can.

Jini kuwa lissafinsa na ban tsoro ne in aka kwatanta. Jariri na da wajen mililita 85 ga kowane kilo, wato mai kilo 4 duk jinin jikinsa bai wuce mililita 340 ba, bai cika ledar fiya wata ɗaya ba. Cokali biyu da ɗan ɗori na cin abinci ya kai kashi goma cikin ɗari. Harshe gaɓa ce mai yawan jini, ƙarin ƙoda ya fi shi. Don haka ana gwada yawan jini da rukuninsa da jinsinsa saboda sikila, a tanadi jinin a firji kafin a fara, ba a ce dangi su tsaya a waje ko da za a nema ba. Mai ƙarin Wilms a auna hawan jininsa don yakan hau, a duba ko ƙarin ya kutsa cikin babbar jijiya, in kuma an ba shi maganin daji na doksorubisin a sake duba zuciya, saboda yana raunana ta. Mura mai zazzaɓi ko tari mai majina, abin da ƙurar hunturu ke yawaita, dalili ne na ɗage aikin da ba na gaggawa ba da mako biyu zuwa huɗu.

Iyaye kan tambaya ko maganin barcin zai taɓa ƙwaƙwalwar yaro. A 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ja hankali kan barcin da ya wuce awa uku ko wanda ake maimaitawa ga 'yan ƙasa da shekara uku, sannan wani babban gwaji da aka buga a 2019 ya nuna barcin da bai kai awa guda ba a jarirai bai canja basirarsu ba a shekara biyar. Ga yaro mai wannan lalura, faɗuwar sukari da ƙarancin oksijin sun fi maganin kansa zama barazana nesa ba kusa ba, kuma ba a jinkirta cire ƙari don wannan tsoron. Abin da za a iya yi shi ne haɗa ƙananan ayyuka a barci guda in ya yiwu. Abin da ake roƙon uwa kuma shi ne gaskiya: in kuka ya dame ta ta ba shi nono ko zuma ko jiƙo a ɓoye, ta faɗa. Ɗage aiki da awa huɗu ya fi amai ya shiga huhu.

Ƙarshen fiɗa ba shi ne ƙarshen haɗari ba, musamman bayan rage harshe. Harshen da aka yanka aka ɗinke yana kumbura, kumburin kuma yana ƙaruwa a kwana na farko da na biyu, har ya fi yadda yake kafin aikin. Ana ba da deksametason don rage shi, tare da sanin cewa yana ɗaga sukari na ɗan lokaci, kada a ruɗu a cire ƙarin ruwan. Da yawa ana barinsu da bututun a sashen kulawa ta musamman na kwana ɗaya zuwa uku, ana ciyar da su ta bututun hanci. Saboda haka gadon sashen, da injin numfashin da ya dace da ƙaramin yaro, da nas mai tsayuwa a kansa dare da rana, da tukunyar oksijin cikakkiya don lokacin da wuta ta ɗauke kafin janareta ya tashi, duk ana tabbatar da su kafin a sa yaron barci. In babu gadon, babu aikin ranar. Idan lokacin cire bututu ya yi, sai yaro ya farka sarai, yana kwance a gefe, injin zuƙo na aiki, kayan mayar da bututun a buɗe, wanda ya sa shi tun farko yana wurin. Zafi ana kashe shi da farasitamol da allurar kashe wuri, mofin kuma kaɗan-kaɗan da na'urar oksijin a yatsa, domin mai toshewar numfashi cikin barci ba ya jure shi kamar sauran yara. Magungunan zafi irin su ibufurofen a yi hattara da su ga mai matsalar ƙoda ko wanda aka cire wa ɗaya. Wanda aka haifa bakwaini, in jimillar makonninsa na ciki da na waje ba ta kai 60 ba, yana iya ɗauke numfashi sa'o'i bayan an gama, don haka a asibiti zai kwana ko da aikin ɗan ƙarami ne.

Kafin sallama, likitan barci ya rubuta wa iyayen takarda a hannunsu: lambar bututun da ya shiga, abin da aka yi amfani da shi aka ga maƙoshi, yunƙuri nawa aka yi, yadda sukarin ya kasance da gudun ruwan da ya riƙe shi. Barci na gaba wataƙila a Abuja za a yi shi ko a Bauchi, cikin dare, a hannun wanda bai taɓa ganin yaron ba, fayil ɗin kuma yana Jos.